Bayan shanyewar ɓarin jiki: Wa zai dawo wa manomin Kura da maganarsa?

A ranar 29 ga watan Oktoban kowace shekara ne duniya ke tunawa da cutar shanyewar ɓarin jiki, kuma a nan Kano ranar takan zo daidai lokacin da manoman Kura da Bunkure da Garun Malam da ƙauyukan Dawakin Kudu ke fama da yankan shinkafar damina, suna kuma haramar noman rani. Jawaban da ake yi a ranar kusan iri ɗaya ne duk shekara: a riƙa auna jini, a rage gishiri, a garzaya asibiti da zarar baki ya karkace ko hannu ya saki. Nasiha ce mai kyau, babu mai ja da ita. Sai dai akwai wani rukuni na majinyata da ba a cika ambatonsu ba, kuma dalilin a bayyane yake, domin su ne ba za su iya miƙewa a taro su kai kukansu ba. Cutar ta bar su da rai, wasunsu ma suna takawa da ƙafafunsu, amma ta tafi da maganarsu.

Likitoci suna kiran wannan lalura afeziya. A Hausa ba mu da suna guda da muka tsayar mata. Wani ya ce bakin mutum ya kama, wani ya ce maganarsa ta ɗauke, wani kuma ya yanke hukunci ya ce ya zama bebe ko ya taɓu. Alƙaluman da masana suka daɗe da amincewa da su sun nuna cewa kusan mutum ɗaya cikin kowane uku da cutar shanyewar ɓarin jiki ta kama yakan fito da wannan matsala. Abin da ke faruwa shi ne, a mafi yawan mutane cibiyoyin harshe suna ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa, kuma ɓarin hagun ne ke sarrafa gefen dama na jiki. Shi ya sa sau da yawa wanda hannunsa da ƙafarsa na dama suka shanye shi ne magana ke ƙwace wa. Tun a shekarar 1861 wani likitan Faransa mai suna Paul Broca ya nuna haka, bayan ya binciki ƙwaƙwalwar wani majinyaci a birnin Faris da ya shafe shekaru ba ya iya furta komai sai gaɓa ɗaya tak, alhali yana fahimtar abin da ake faɗa masa.

Ya kamata a bambanta wannan da nauyin baki, inda harshe da leɓɓa suka yi rauni amma kalmomin suna nan daram a kan mutum. Mai afeziya kalmar ce kanta take ɓace masa. Ya san buta, ya san amfaninta, yana kallonta, amma sunanta ya ƙi zuwa, ko kuma wani suna daban ya fito a madadinsa. Akwai kuma nau'i na biyu, wanda Bajamushe Carl Wernicke ya bayyana a 1874, inda magana ke zuba babu tsayawa amma a hargitse, shi kuma mai ita ba ya gane abin da ake gaya masa sosai. Wannan nau'in ne aka fi yi wa mummunar fahimta a garuruwanmu, domin wanda bai sani ba zai rantse aljanu ne ko taɓin hankali. Lalurar takan shafi karatu da rubutu su ma, ko da boko ne ko ajami.

Gonar da ke kan harshe

Wani kawuna, ƙanin mahaifiyata, manomi ne a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure. Wata safiya ya faɗi a bakin kwatar ban-ruwa, aka kwashe shi zuwa wani babban asibiti a cikin birni, inda ya yi mako biyu. Da aka sallame shi, takardar da aka ba iyalinsa ta ƙunshi maganin hawan jini da ranakun zuwa gashin ƙashi. Game da maganarsa kuwa, abin da aka ce musu shi ne su yi haƙuri, wataƙila ta dawo da kanta.

A gida sai aka shiga abin da aka saba. Masu zuwa dubiya suna ɗaga murya kamar da kurma suke magana. Ana zama a gabansa ana tattauna yadda za a yi da gonakinsa kamar ba ya wurin, shi kuwa sai ya yi ta buga tabarma da hannun hagu, hawaye na zuba, a ce ciwon ne ya sa masa saurin fushi. Abin da ya fi ɗaure wa mutane kai shi ne, idan aka yi sallama yana amsawa sarai, idan aka tayar da salla yana karanta Fatiha har ƙarshe, amma idan yana son ruwan sha sai ya ce "gona". Wasu suka ce ai wannan alama ce ta sammu. Masana kuwa sun daɗe da sanin cewa maganganun da baki ya saba da su, irin gaisuwa da ƙirga da abin da aka haddace tun ƙuruciya, sukan tsira ko da sauran magana ta tafi.

Rikicin ya taso ne a kan wata gona da ya bayar jingina shekara biyu kafin ya kwanta. Babu takarda, kamar yadda aka saba, sai shaidu biyu, ɗayansu kuma ya riga mu gidan gaskiya. Da 'ya'yansa suka tashi fansar gonar, wanda ke riƙe da ita ya faɗi kuɗin da ya zarce abin da suke zato. Mutum ɗaya ne ya san gaskiyar lissafin, ga shi nan zaune ba ya iya faɗa. Wata jikarsa 'yar makarantar sakandare ce ta warware lamarin. Ta jera takardun kuɗi a gabansa, ta ce, "Kaka, wannan ɗaya dubu goma ce a lissafinmu, nuna min nawa ka karɓa." Ya ware da hannun hagu, aka hargitsa aka sake gwadawa har sau uku a ranaku daban-daban, adadin bai canja ba. Sai shaidan da ya rage ya ce lallai haka ne.

Na kawo wannan labari ne domin a ga abin da magana take nufi a wannan yanki. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka kuma miƙa aikin noman ranin Kogin Kano ga Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, rayuwar dubban gidaje ta koma kan noman kasuwa. Noman kasuwa kuwa da baki ake yin rabinsa. Da baki ake neman rabon ruwa a taron ƙungiyar masu amfani da ruwa, da baki ake karɓar bashin taki da iri zuwa kaka, da baki ake sasantawa da 'yan ƙwadago, da baki ake ja-in-ja da dillalin tumatir a Kwanar Gafan, inda jinkirin sa'a guda kan sauya farashin kwando. Matan Kura masu turara shinkafa su ma jarinsu yana tafiya ne a kan alkawarin baki da adashe. Manomin da ƙafarsa ta shanye zai iya zama a inuwa ya tafiyar da gonarsa ta hannun 'ya'yansa. Wanda magana ta ƙwace masa kuwa, cikin damina ɗaya sai ka ga an raba shi da ragamar gidansa, galibi ma da kyakkyawar niyya.

Kada kuma a ɗauka cewa ciwon tsofaffi ne kawai. Babban binciken nan mai suna SIREN, wanda aka gudanar a asibitocin Najeriya da Ghana ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mayowa Owolabi na Jami'ar Ibadan, kuma Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana cikin cibiyoyinsa, ya duba majinyata 2,118. Sakamakon da aka buga a 2018 ya nuna cewa matsakaicin shekarunsu 59 ne, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ba su kai shekara 50 ba, kuma hawan jini ne babban ummul-aba'isin cutar. Ke nan muna magana ne a kan magidanta masu 'ya'ya a makaranta da iyaye mata masu ɗawainiyar gida.

Me bincike ya tabbatar?

Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce ko koyar da magana yana da amfani, ko kuwa ɓata lokaci ne. A 2016 cibiyar Cochrane, wadda ke tace sakamakon gwaje-gwajen lafiya na duniya, ta haɗa gwaje-gwaje 57 da suka ƙunshi majinyata kusan 3,000. Ta gano cewa waɗanda suka samu horon magana sun fi waɗanda ba su samu ba wajen iya isar da buƙatunsu na yau da kullum, haka ma wajen karatu da rubutu. Shekara guda bayan haka mujallar Lancet ta buga wani gwaji da aka yi a Jamus a kan mutum sama da 150 da suka haura wata shida da lalurar. Mako uku kacal aka yi ana horar da su, aƙalla sa'a goma a mako, kuma aka ga ci gaba a zancensu na yau da kullum. Gaskiya ne sauƙin da ke zuwa da kansa ya fi yawa a watanni ukun farko, amma wannan gwaji ya rushe zancen nan da ake yawan gaya wa iyalai cewa idan aka wuce wata shida sai a fid da rai.

Akwai wani gwajin da na fi ganin darasi a cikinsa. A Ingila, masu bincike na Jami'ar Sheffield sun bai wa majinyata manhajar kwamfuta da ke nuna musu hotuna suna ambaton sunayensu. A sakamakon da suka fitar a 2019, majinyatan sun ƙware wajen faɗin sunayen abubuwan da suka yi ta maimaitawa, amma hirarsu da mutane ba ta sauya ba. Wato mutum zai iya koyon kiran sunan buta idan an nuna masa hotonta, ya kuma kasa neman butar idan lokacin alwala ya yi. Abin da ake nema a wajen mai afeziya shi ne ya iya biyan buƙatarsa a tsakar gida da masallaci da kasuwa, ko da kalma ce, ko da nuni, ko da zane a ƙasa.

Wannan ne ya sa masana suka juya ga abokin zance. A Kanada, wata ƙwararriya mai suna Aura Kagan ta cibiyar masu afeziya da ke Toronto ta tsara hanyar horar da masu lafiya yadda za su yi hira da majinyaci, kuma gwajin da ta buga a 2001 ya nuna cewa idan aka horar da 'yan sa-kai, majinyacin da ba a yi wa komai ba sai a ga ya fi shiga zance. Dabarun ba su da tsada. A kashe rediyo, mutum ɗaya ya yi magana a lokaci guda, a gajarta jimla, a yi masa magana irin ta manya, a ba shi lokaci kada a riga shi ƙarasawa. A yi tambayar da amsarta e ce ko a'a, sannan a juya tambayar a sake yi, domin mai afeziya yakan ce e alhali a'a yake nufi. Matar kawuna ba ta taɓa jin sunan Kagan ba, amma bayan wata da watanni ta gano abin da kanta. Maimakon ta ce me kake so, sai ta ɗauko abu biyu ta ce, "Malam, buta ko ruwan sha?" Da an nuna mata wannan tun ranar sallama, da an rage wa gidan watanni na ƙunci.

Sai dai a nan akwai gargaɗi ga duk mai son ya ɗora wa iyali nauyin kacokan ya kama gabansa. A Indiya an gwada horar da 'yan uwa su riƙa kula da farfaɗowar masu shanyewar ɓarin jiki a gida, a wani gwaji na majinyata 1,250 da aka buga a 2017, kuma ba a ga bambanci tsakaninsu da sauran ba wajen iya dogaro da kai. Gwajin ya shafi farfaɗowa ce gaba ɗaya, ba magana kaɗai ba, amma abin da na fahimta daga gare shi shi ne ɗan taƙaitaccen horo a bakin gadon asibiti ba ya wadatarwa, dole a samu wanda zai riƙa bibiya na tsawon lokaci.

Giɓin da ke tsakanin birni da ƙauye

A takarda, Najeriya ta san da wannan sana'a tun tuni. Dokar soja mai lamba 38 ta 1988 ta kafa hukumar MRTB, wadda ke yi wa masu gashin ƙashi da masu koyar da magana da masu auna ji rajista. Fannin gashin ƙashi ya yi ƙarfi, har Jami'ar Bayero tana yaye ɗalibansa duk shekara, shi ya sa kusan duk majinyaci ake rubuta masa zuwa gashi. Fannin magana kuwa ya kasance ɗan bora. Ƙwararrunsa kaɗan ne, sun fi yawa a manyan birane da asibitoci masu zaman kansu, yawancin aikinsu kuma a kan ƙananan yara ne.

A ce ma an samu ƙwararren a cikin birnin Kano. Daga Kura zuwa birni kimanin kilomita 30 ne, Bunkure ta fi haka nisa. Sa'a goma a mako irin ta gwajin Jamus tana nufin zuwa kusan kullum, da kuɗin motar mutum biyu, da ɗan rakiyar da zai bar gona a tsakiyar aiki. Babu gidan ƙaramin manomi da zai jure wannan. Duk tsarin da ya dogara ga majinyaci ya riƙa zuwa birni, to an tsara shi ne domin masu hali.

Ga kuma matsalar harshe, wadda ba a cika kula da ita ba. Mai gashin ƙashi zai iya aiki a kan gwiwar Bahaushe ko da ba ya jin Hausa. Mai koyar da magana ba zai iya ba. Shahararrun ma'aunan da ake gwada majinyata da su an tsara su ne da Ingilishi domin Turawa. Ɗaya daga cikinsu, wanda aka fitar a Boston ta Amurka, hotuna 60 ne da ake so majinyaci ya faɗi sunayensu, ciki har da ɗakin ƙanƙara na mutanen ƙuryar arewacin duniya da wani doki mai ƙaho ɗaya na tatsuniyoyin Turawa. Ko ni da nake da lafiya da difloma a aljihu sai na yi jim kafin in amsa, balle dattijon Tamburawa. Hausa kuma harshe ne mai karin sauti da tsawon wasali, inda kuka ta miya da kuka na hawaye suka rabu ta hawa da saukar murya kawai. Wannan aiki ne da ya dace masana harshe na Jami'ar Bayero su zauna da likitocin ƙwaƙwalwa su yi shi tare: ma'aunin Hausa mai hoton fartanya da kwando da injin ban-ruwa da buhun taki, wanda ya san cewa dattijo da yawa ajami suke karantawa.

Matakin da nake ganin ya fi kusa da hannu shi ne na ma'aikatan lafiya na matakin farko. Ƙasar nan tana da manufar rarraba ayyukan lafiya zuwa ga ƙananan ma'aikata tun 2014, kuma da irin wannan tsari ne ake kai allurar rigakafi da awon ciki lungu-lungu. Ƙwararre guda zai iya horar da ma'aikatan asibitocin Dawakin Kudu da Kura da Bunkure yadda za su gane afeziya, su koyar da iyali, su riƙa leƙa gida, shi kuma ya riƙa zagayowa lokaci-lokaci yana duba masu wuyar sha'ani, a tsakani kuma a yi amfani da wayar salula. A tara majinyata huɗu ko biyar a harabar asibiti sau ɗaya a mako su yi hira da juna, domin kaɗaici da baƙin ciki na daga cikin abubuwan da suka fi durƙusar da masu wannan lalura. Najeriya tana cikin ƙasashen Majalisar Lafiya ta Duniya da ta zartar da ƙuduri a watan Mayun 2023 cewa a shigar da ayyukan farfaɗo da majinyata cikin tsarin lafiya tun daga matakin farko. A Kano, wuraren da za a auna ko ƙudurin ya sauko ƙasa su ne kasafin kuɗin ma'aikatar lafiya da jerin ayyukan da hukumar taimakekeniyar lafiya ta KSCHMA ke biya wa masu rajista.

Malamai da alƙalai da masu unguwanni su ma abin ya shafe su, domin gabansu ake kai rikicin gona da na gado. Fiƙihun Malikiyya ya karɓi ishara da ake fahimta daga wanda ba ya iya magana a sha'anin ciniki da makamantansa, kuma sashe na 176 na Dokar Shaida ta 2011 ya yarda wanda ba ya iya magana ya ba da shaida a kotu ta rubutu ko ta nuni. Ƙofar a buɗe take ta fuskokin biyu. Abin da ya rage shi ne sanin yadda za a tambayi mutumin da kuma tabbatar da cewa ya fahimci tambayar, musamman mai nau'in da ya taɓa fahimta. Liman da ya gaya wa jama'a cewa wannan ciwon ƙwaƙwalwa ne, a yi addu'a kuma a nemi magani, zai yi tasirin da takardar asibiti ba za ta yi ba.

Kawuna yanzu ya shiga rani na uku da lalurar. Jikar tasa ta manna masa hotuna a wani tsohon littafin makaranta: buhun taki, injin ban-ruwa, takardun kuɗi, da fuskokin 'ya'yansa kowa da sunansa a ƙasa da ajami. Kalmomin da yake iya furtawa da kansa ba su da yawa, kuma idan ya gaji sukan gudu. A taron rabon ruwa na bara ya je da littafin a aljihun rigarsa, da aka zo kan layinsu ya buɗe shafin injin, ya ɗaga yatsu biyu, ya ce "Talata". Aka rubuta masa sa'a biyu ranar Talata.